Sunanka ɗaya, amma kwamfuta huɗu na jayayya a kansa

Duk wanda ya cike JAMB daga 2021 zuwa yau ya san matakin farko: ka tura NIN ɗinka zuwa 55019 ko 66019, a dawo maka da lambar “profile code” da za ka yi rajista da ita. A cikin 'yan daƙiƙun nan akwai wata manhaja a tsakani, kamar ɗan aike, da ke zuwa rumbun NIMC ta ɗauko sunanka da ranar haihuwarka ta zuba wa JAMB.

To amma NIMC ba ruwanta da kwas ɗin da kake so. Sai JAMB ta ƙara nata gurabun a kan abin da ɗan aiken ya kawo. Makaranta ta ƙara lambar ɗalibi da sashe da aji. NELFUND, mai ba ɗalibai rance, da ta buɗe shafinta a watan Mayun 2024, tana neman NIN da BVN da lambar JAMB, kuma sai makarantarka ta ɗora bayananka tukuna. Kowane sabon gurbi sai an koya wa ɗan aiken daga ina zai ɗauko shi, da wanne zai gwada shi, kuma maganar wa zai bi idan aka samu saɓani.

A nan fa muke shan wuya, mu Hausawa. Ɗauki yaro daga Dabawa da ya samu shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita. A firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa, aka liƙa Dabawa a ƙarshe, yadda aka saba. Wurin yin NIN aka cire garin aka sa sunan kaka. A banki kuma mai buga bayanai ya mayar da Muhammad Mohammed. Wallahi ko ƙaramin yaro a garin ya san mutum ɗaya ne, amma manhaja harafi take ƙirgawa. Gurbin “sunan iyali” ma ba da mu aka tsara shi ba. Wani ya sa na uba, wani na gari. Sai ka ga rancen ya maƙale, ga lokacin biyan kuɗin makaranta na ƙurewa.

Ni a ganina, tunda dai ana iya ƙara gurabe, me zai hana makarantu su ƙara na “sauran sunayen da ke takardu”? Ba wani babban aiki ba ne ga masu kula da shafukansu.

Kafin nan, kar ka bar wa mai kafe ya zaɓa maka jerin suna don yana sauri. Jera takardar NIN da ta BVN da sakamakon WAEC ko NECO, ka bi su harafi bayan harafi. In kuskuren a NIN yake, NIMC za ka fara zuwa, don can ne tushen da JAMB ke ɗiba. Gyaran kuɗi ake biya, kuma ba lallai ya bayyana a sauran shafukan nan take ba. In lambar ce ta ɓace maka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi.