Sikizofireniya: Abin da Ke Dawo da Ciwon Bayan An Ga Sauƙi

Maganar da ta zama ruwan dare, cewa maganin asibitin ƙwaƙwalwa yana mayar da mutum sususu kuma wanda ya fara shi ya zama bawansa, ta raba majiyyata da dama da abin da ke riƙe da hankalinsu. Sikizofireniya, wato ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, ko ya kafe a kan cewa ana bin sa ko an zuba masa guba a tuwo, tana kama kimanin mutum 1 cikin 300 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yawanci tana bayyana ne a ƙuruciya. Ciwon kansa yakan toshe wa mai shi ganin cewa ba shi da lafiya, don haka ƙin amincewarsa da abin da likita ya faɗa alama ce ta cutar, ko da yake iyali sukan ɗauka taurin kai ne, su kuma nasu ƙin yardar su ɓoye shi a bayan sammu da aljanu, don gudun kada a ƙi auren 'ya'yan gidan.

Magunguna irin su haloperidol da olanzapine suna rage aikin dofamin, sinadarin da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma muddin ana shan su muryoyin sukan lafa. A nan ake yin ɓarnar, domin da zarar saurayi ya soma barci, ya koma kasuwa, sai a ce ya warke, a tura kwalin maganin ƙarƙashin gado, alhali wannan daidai yake da yaye jinka tsakiyar damina don an ga ɗaki a bushe. Mafi yawan waɗanda suka daina sha ciwon yakan dawo musu, sau da yawa bayan watanni, lokacin da ba wanda zai danganta shi da ajiye maganin.

Sandarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau da ƙiba da maganin kan jawo gaskiya ne, amma likita ake kai wa kukansu, ya rage adadi, ya sauya magani, ko ya koma allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Nijeriya ta samu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ta rage wa ɗan ƙauye kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa ko Kware ba, kuma har sai maganin ya sauko ƙananan asibitoci da araha, ɗora laifin a kan iyalai kaɗai zalunci ne.