Idan Masu Bincike Suka Zo Gidan Makoki

'Yan'uwa, yara da yawa a ƙauyukanmu suna rasuwa a gida, a binne su ba a san ainihin ciwon da ya ɗauke su ba. Sai a ce zazzaɓi ne. Shi ya sa masu binciken lafiya sukan nemi iyalan da aka yi wa rashi, domin sanin ciwon yana taimakawa a ceci waɗansu yara.

Hanya ta farko ita ce tambayoyi. A 2014 da 2019, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta aika ma'aikata gidajen da yara 'yan ƙasa da shekara 5 suka rasu a Nijeriya. Sukan tambayi uwa yadda ciwon ya fara, da inda aka kai yaron. Akan bari kwanakin makoki su wuce tukuna.

Hanya ta biyu ta fi nauyi. Wani shiri mai suna CHAMPS, wanda aka kafa a 2015, ya yi amfani da ita a ƙasashe kamar Mali, Saliyo da Kenya. Ba a tsaga gawa. Da allura ake ɗibar jini da ɗan nama kaɗan daga huhu da hanta. Amma akan so a yi haka cikin awa 24, wato lokacin da hawaye bai bushe ba.

Mai baƙin ciki yakan ce "to" don kunya, ko don yana tsammani dole ne. Ba dole ba ne. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa:

1. A bayyana muku komai da harshen da kuke ji.
2. Ku tambaya: wa ya aiko su? Za a jinkirta jana'iza? Yaushe za a kawo muku sakamako?
3. Ku kira wanda kuka amince da shi, ya karanta muku takardar.
4. Kuna iya ƙi, ko ku fasa daga baya, ba za a hana ku magani a asibiti ba.

Fastoci, dattawa da zumuntar mata, ku zauna tare da iyalin, amma kada ku amsa a madadinsu. Kada a manta da uwar yaron, a ji ta bakinta. Wanda ya yarda ya taimaki yaran wasu. Wanda ya ƙi kuma bai yi laifi ba.