Ko Kun Sani? Ƙaro Ma Aji-Aji Ne

Ko kun san ƙaron da almajirai ke jiƙawa su haɗa tawada a tsangayun Kazaure da Roni shi ne dai kamfanonin Turai da Amurka ke nema ruwa a jallo? Suna sa shi a lemon kwalba da alewa da magunguna, kuma lambarsa a jikin kayan abinci ita ce E414. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi, Jigawa kuwa tana cikin jihohin Najeriya da ke da shi.

A kasuwancin Najeriya aji 3 ake raba shi. Na ɗaya na dakwara ne: ƙwallo mai tauri, garai-garai, wanda ke narkewa tas a ruwa. Na biyu na dushe ne, mai saurin farfashewa. Na uku daga itatuwa dangin taramniya yake fitowa, kuɗinsa kuma ya fi ƙasa.

Sai dai ko cikin aji guda akwai bambanci. Ƙaron da ya faɗi ya kwashi yashi, ko ɓawo ya manne masa, darajarsa ta ragu. A nan ake bukatar gaskiya daga kowa. Mai garwaya dushe cikin dakwara yana zubar da mutuncin kayan yankinsa gaba ɗaya. Dillalin da ke kushe kayan mai ƙaramin ƙarfi, ya yabi irinsu a hannun babban ɗan kasuwa, shi ma ya ci amana.

Masu ƙaro na Babura da Gwiwa, ku ware kowane iri a buhunsa tun daga daji.