Kalmar "Baiwa" a Bakin Manoman Arewacin Kano

Kalmar baiwa ta samo asali ne daga aikatau "ba", wato kyauta ke nan, kuma Bahaushe bai cika ambaton Mai bayarwar ba domin sananne ne. Karin sauti ne ya raba ta da baiwa, macen bawa.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi ba a cewa manomi mai ƙwazo yana da baiwa. Wannan himma ce. Wanda ake faɗa wa ita shi ne maɗorin da bai gaji ɗori ba, ko almajirin da ke wanke allo kafin tsararrakinsa. Ɗan maƙeri kuwa, komai gwanintarsa, sai a ce gado ne. A ganina nan ne masu fassara kan yi tuntuɓe, su gwama ta da ƙwarewa, wadda akan samu ta hanyar koyo.