Sababin Bunƙasar Finafinan Waƙa da Barkwanci Masu Araha a Amurka

A ƙarshen watan Janairu na 1941 kamfanin Universal ya fitar da wani fim mai suna Buck Privates, wanda aka ɗauka cikin kimanin wata guda da kuɗin da bai kai dala 250,000 ba, amma kafin ya gama zagaya gidajen sinima sai da ya tara wajen dala miliyan 4. Labarinsa bai taka kara ya karya ba: 'yan talla ne biyu, waɗanda 'yan barkwanci Abbott da Costello suka fito a matsayinsu, suna gudun ɗan sanda suka faɗa wurin ɗaukar soja, sa'an nan 'yan'uwa mata uku, Andrews Sisters, suna cike tsakani da waƙa.

Wanda ya ce dace ne kurum bai yi wa al'amarin adalci ba, domin asalinsa yana cikin tsarin kasuwar. Tun da karayar arziki ta 1929 ta rage masu kallo, masu gidajen sinima suka shiga nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya, na biyun ya zama kamar gyaran da mai awo kan ƙara wa mai saye. Kuma tun da kamfanoni a dunƙule suke ba da hayar finafinansu, wanda yake son babba lalle ya karɓi ƙanana, sai ya zamana ƙaramin fim yana da kasuwa tun ba a ɗauke shi ba. Waƙa da raha kuwa su ne mafi sauƙin tsada, saboda rediyo ya riga ya yi rabin aikin: tun 1938 jama'a ke jin Abbott da Costello a shirin Kate Smith, wasanninsu kuma sun daɗe da nuna a dandali, ba su bukatar marubuci ya wahala. Ga shi a Satumban 1940 an kafa dokar kiran samari soja alhali ƙasar ba ta shiga yaƙi ba, zukatan iyaye cike da zullumi, suna marmarin a mai da bariki abin dariya.

Fa'idar ta bayyana nan da nan. A cikin 1941 kaɗai Arthur Lubin ya ba da umarnin finafinai huɗu na mutanen nan biyu da suka fito, a 1942 kuma su ne kan gaba wajen jawo masu kallo a Amurka. A ganina babban alherin wannan yayi shi ne adana wasannin dandali waɗanda da sun mutu tare da masu yinsu. Illarsa kuwa maimaici, gama da zarar kamfani ya ga hanya ta ɓulle, ba ya sakinta: daga sojan ƙasa aka koma na ruwa, daga nan na sama, galibi da zubi iri ɗaya.

Duk da haka ba gundurar masu kallo kaɗai ce ta kashe yayin ba. A 1946 Universal ta haɗe da kamfanin International, sababbin shugabanni suka soke yin ƙananan finafinai. A 1948 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar kamfanin Paramount, ta haramta ba da haya a dunƙule, sai kowane fim ya koma neman kasuwa da ƙarfin kansa. Raha mai araha ta yi ƙaura zuwa talabijin, inda Abbott da Costello suka buɗe nasu shirin a 1952.