Kwamfuta Mai Koyo: Yadda Take Gano Ɓarayin Kuɗin Banki

A da, idan manomi ya sayar da amfanin gonarsa a Kaduna, sai ya ƙulle kuɗinsa a lalita ya kama hanyar gida. Tsoronsa bai wuce ɗan sane a tashar Kawo ko ɗan fashi a hanya ba. Yanzu ciniki ya canza. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Kawo, mai sayen masara yakan tura kuɗi ta waya, ko a je wurin mai POS. Abin ya ƙaru ƙwarai a farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya bayan canjin kuɗi.

Da kuɗi suka koma cikin waya, sai ɓarawo ya bi su can. Kamfanin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Nijeriya wajen tura kuɗi, ya ce 'yan damfara sun yi awon gaba da fiye da naira biliyan 17 a 2023. A 2024 kuwa abin ya haura biliyan 52.

Mai gadin da ba ya barci

Kowace rana ana tura kuɗi sau miliyoyi a ƙasar nan. Babu ma'aikacin bankin da zai iya duba su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka bankuna da kamfanonin kuɗi na waya suka ɗora wa kwamfuta wannan gadi. Duk cinikin da aka yi yana barin sawu: nawa ne kuɗin, ƙarfe nawa aka tura, da wace waya, daga wane gari, zuwa wane asusu. Tattara wannan sawu da auna shi, shi ake kira nazarin bayanai.

Yadda ake koya mata

Uwa ba ta yi wa 'yarta dogon bayani kan tsintar wake. Takan nuna mata mai kyau, ta nuna mata mai ƙwari. Yau da gobe, yarinya ta iya rabewa da kanta. Haka ake yi wa kwamfuta. Ana ba ta dubban cinikayyar da aka yi a baya, a ce mata wannan na gaskiya ne, wannan kuwa sata ce. Sai ta yi ta kwatantawa har ta gane alamomin da ke tare da sata. Wannan shi ake kira koyon na'ura. Ba hankali gare ta irin na ɗan Adam ba. Lissafi ne mai sauri.

Akwai hanya ta biyu. Makiyayi ya san tafiyar kowace saniya a garkensa. Da ɗaya ta fara ɗingishi ko ta ware, zai lura. Ita ma kwamfuta takan koyi halin kowane asusu.

A ɗauki misalin manomi daga Rigachikun. Yakan cire naira dubu 10 ko dubu 20 ranar kasuwa, da rana, da wayarsa ta kullum. Wata rana da ƙarfe 2 na dare, sai a nemi kwashe duk abin da ke asusunsa, da wata sabuwar waya, zuwa asusun da bai taɓa hulɗa da shi ba. Shi kuma wancan asusun jiya aka buɗe shi, kuɗi na shiga ana rarraba su nan take. Kwamfuta za ta haɗa waɗannan alamu kafin ƙiftawar ido. Idan zargin ya yi nauyi, sai ta tsayar da kuɗin, ko ta nemi ƙarin shaida, ko ta sanar da ma'aikaci. Tun 2015 Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya buɗe sashen karɓar koke kan damfara.

Da wannan dabara ake gadin kwamfutocin bankin su kansu. Idan ɗan kutse ya yi ta gwada lambobin sirri sau ɗaruruwa cikin minti ɗaya, kwamfuta ta san yatsan mutum ba ya wannan sauri, sai ta rufe ƙofa. A nan Kaduna, Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, wato NDA, da Kwalejin Fasaha ta Sojan Sama, wato AFIT, suna koyar da darasin tsaron intanet.

Takan yi kuskure

Da kaka, manomi na iya sayar da buhu 30 na masara a rana ɗaya. Kuɗi masu yawa su shiga asusun da bai saba ganinsu ba, sai kwamfuta ta ɗauka da walakin, ta riƙe su. Idan haka ta faru, mai asusu ya tafi reshen bankinsa da katin shaidarsa ya yi bayani. Haka kuma ɓarayi kullum suna canza salo. Dole a riƙa ba kwamfuta sababbin misalai, domin in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyar da 'yan damfara suka fi bi ita ce yaudarar mai kuɗin da kansa. Wani zai bugo waya ya ce daga banki ne, za a rufe asusu idan ba a faɗi lambar sirri ba. Wani ya ce tallafin taki ne ya fito, a karanto masa lambar da ta shigo waya yanzu. Wanda ya faɗa, ya miƙa wa ɓarawo mabuɗin ɗakinsa. Idan kuma mutum da hannunsa ya tura wa mayaudari kuɗi, kwamfuta za ta ga wayarsa ce, lambarsa ce, ƙila ba za ta hana ba.

Abin da ya kamata a kiyaye

Na ɗaya, banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne.

Na biyu, lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda aka fara bayarwa a 2014, ba ta faɗa wa baƙo ba ce. Haka lambar NIN.

Na uku, a wurin mai POS mutum ya danna lambarsa da kansa, ya kare da tafin hannu. Kada a rubuta ta a jikin kati.

Na huɗu, a karanta saƙon banki duk lokacin da ya shigo. Wanda ya iya karatun lambobi ba sai ya ba wani wayarsa ba. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin, domin akwai saƙon ƙarya.

Na biyar, idan waya ta ɓata ko layi ya ɗauke haka kawai, a garzaya banki a rufe asusu, a kuma je ofishin kamfanin waya. Kada a bari sai gobe. Da wuri ake iya tare kuɗi kafin a cire su.

Dokar hukunta masu laifi ta intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara. Ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke Kaduna. Kowane koke da aka kai banki yakan zama sabon darasi ga kwamfuta, ya kuma kare wani manomin gobe. Allah ya tsare guminmu, amin.