Idan taransifomar kariya ta lalace, a canza ta ko a cire ta?

Mai karatu, bari mu fara da wata ƙa'ida guda: wutar lantarki kullum hanyar komawa inda ta fito take nema. Taransifomar KEDCO da ke unguwarku an haɗa wayarta ta nutiral da ƙasa. Shi ya sa idan ka taɓa wayar layif kana tsaye a ƙasa, wuta za ta bi jikinka, ta shiga ƙasa, ta koma gida. Idan a cikin ruwa kake, abin ya fi muni.

A Turai da Amurka, jiragen ruwa kan jona wuta daga gaɓa idan sun tsaya a tasha. Idan waya ta goge a cikin jirgin, wutar kan bi ta cikin ruwa tana neman gaɓa, ta hallaka duk mai iyo a kusa. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne taransifomar kariya.

Ya take aiki? A cikinta akwai naɗin waya guda biyu a jikin ƙarfe ɗaya, amma ko kaɗan ba su taɓa juna ba. Wuta ta shiga naɗin farko ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya haifar da sabuwar wuta a naɗi na biyu. Wannan ita ce hikimar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. Volt 230 ya shiga, volt 230 ya fita. To meye amfanin? Yanzu “gidan” wutar ya koma cikin jirgin, ba ta da dalilin ratsa ruwa zuwa gaɓa.

Za ka ce ina ruwan mutumin Rano ko Kibiya da wannan, tunda kwale-kwalen masuntan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ba sa jona wuta? Akwai ruwansa sosai. Famfon lantarki da ake jefawa a rijiyar burtsatse, da wanda ake sa wa a tafkin kifi ko a bakin rafi lokacin noman rani, duk wuta ce a cikin ruwa. Kuma ruwanmu ya fi na teku haɗari ga mai shiga. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da jikin mutum, don haka yawancinta takan kewaye shi. Ruwan daɗi kuwa, irin na Tiga, jikinka ya fi shi ɗaukar wuta, sai ka zama kai ne hanya mafi sauƙi. Miliamfiya 10 zuwa 20 kacal sun isa su ƙame tsokar mutum. Ko wutar ba ta kashe shi ba, ba zai iya iyo ba, ruwa ne zai ci shi.

Alamomin lalacewa su ne zafi fiye da kima, ƙaurin ƙonewa, gunji mai ƙarfi, ko bireka ta riƙa faɗuwa. Sai dai lalacewa mafi haɗari ba ta da alama: rufin wayoyin ya narke, naɗi biyun su haɗu. Fitila na ci, famfo na aiki, amma kariya ta tafi. Don haka mai gyara ya kashe wuta, ya cire wayoyin, ya auna tsakanin naɗin biyu da mita. Idan mita ta nuna a haɗe suke, taransifomar ta gama aiki.

A nan ne wani zai ce maka, “Alhaji, mu haɗa kai tsaye kawai, ai wuta ɗaya ce.” Kar ka yarda. Idan za a canza, a kula da abu uku. Na ɗaya, ƙarfin sabuwar ya kai na tsohuwar ko ya fi, domin mota takan ja wuta ninki biyar ko fiye lokacin tashi. Na biyu, sitabilaiza ba ta maye gurbinta. Yawancin sitabilaiza da ƙananan taransifomomi masu arha na rage wuta zuwa volt 110 naɗi ɗaya gare su, ba sa raba komai. Na uku, a mayar da wayar ƙasa yadda kamfanin ya zana.

Idan babu kuɗin sabuwa fa, dole sai an cire? To sai ƙwararre ya sake tsara wayar ƙasa, ya sa na'urar RCD mai miliamfiya 30. Ita tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi ta yanke cikin ƙiftawar ido. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga gobara, ba mutum ba. Ka riƙa danna maɓallin gwajin RCD ɗin lokaci-lokaci.

Sannan ka gaya wa yara da ma'aikatanka: kada kowa ya shiga ruwa famfo na kunne. Wanda ya ji tsikar jikinsa na tashi a cikin ruwa, ya koma ta inda ya fito. Idan kuma wuta ta kama wani, kar a faɗa ruwa don ceto. A fara kashe wutar, sannan a miƙa masa busasshiyar gora.